Ƙullutun da ke fitowa a jikin ganye da reshe: tambayoyi da amsoshi kan ƙwarin da ke haddasa shi

Duk wanda ke yawan duba ganyen bishiya sai ya taɓa ganin abin nan, wani ƙullutu kamar ƙurji a bayan ganye, ko wani ƙwallo a jikin reshe mai kama da 'ya'yan itace alhali bishiyar ba haka 'ya'yanta suke ba. Mutane suna yawan tambayata a kai, yawanci hankalinsu a tashe suna neman sunan maganin feshi, shi yasa na tara tambayoyin wuri guda.

Wai shi wannan ƙullutun menene ainihinsa, ciwo ne?

Gida ne. Kuma abin da ke bani mamaki har yau shine ba ƙwaron ne ya gina shi ba, naman shukar ne da kanta, ƙwaron sa ta yayi ta gina masa. Zanzaro laka yake ɗebowa yayi gininsa, gizo-gizo daga jikinsa yake fidda zare, amma wannan ba ya ɗaukar komai, sai dai uwar ta saka ƙwai a cikin ganye ko toho yana ɗanye, daga nan wurin ya bar girman da ya saba ya koma yin abin da tsutsa take so.

In kana so ka gani da idonka ka samu reza mai kaifi ka tsinko guda ɗaya wanda bai bushe ba, wanda babu huda a jikinsa, ka raba shi biyu a hankali. Zaka ga ɓawo daga waje, sai wani nama mai ɗan laushi ko mai kama da soso, sai can tsakiya wani ɗan ɗaki sumul kamar an shafe shi, a ciki ga wata farar tsutsa ta lanƙwashe ko ƙafa bata da ita, wani lokacin bata kai ƙwayar gero ba. Bangon ɗakin nan shine abincinta, ƙwayoyin halittar da ke wurin cike suke da sukari da furotin da mai, tana ci shukar na sake yin wani. Ranar farko da na yanka na ga haka na daɗe ina kallo, don tsutsar ko motsin kirki bata yi amma ga ɗaki ga abinci ga katanga duk an yi mata.

Waɗanne ƙwari ne ke yin haka?

Suna da yawa, waɗanda aka sani sun kai wajen iri 13,000, kuma ba dangi ɗaya bane. Manyan gidaje biyu ne. Akwai wasu ƙananan ƙudaje masu siffar sauro, siraran ƙafafu, tsawonsu milimita 2 zuwa 3, masana na kiran danginsu Cecidomyiidae, an rubuta sama da iri 6,000 nasu duk da ba duka ne ke sa ƙullutu ba. Sai dangin rina ƙanana ƙwarai, Cynipidae, su kuma sun haura iri 1,300 kuma mafi yawansu a bishiyar ok suke rayuwa, wadda ke fitowa a Turai da Asiya da Arewacin Amurka. Bayan su akwai darɓa, wato kwarkwatar ganye, akwai wasu buzuzu, wasu ƙudaje na daban, da wasu 'yan malam-buɗe-littafi na dare.

Kusan kowannensu yana da shukar da ya sani, har ma da wurin da yake so a jikinta, wani jijiyar ganye, wani toho, wani fure, wani saiwa. Da wuya ya yi kuskure ko ya canja.

To ta yaya ƙwaro zai sa shuka ta canja girmanta?

Nan ne maganar take da daɗi. Tun 1679 wani likita ɗan Italiya, Marcello Malpighi, ya yi rubutu a kan ƙullutun nan da zane-zane, shi ya nuna cewa ƙwai ne ake sakawa a ciki, ya kuma ce wani ruwa ne da uwar ke zubawa lokacin saka ƙwan yake kumbura wurin. A wasu ƙwarin haka ɗin ne, kamar waɗanda ke sa kumburi a ganyen bishiyar wilo, uwar ce ke fara aikin. Amma a da yawansu tsutsar ce, da yawun bakinta, tana ci tana tofawa, kuma in ka kashe ta da wuri sai ƙullutun ya tsaya cak bai ƙarasa girma ba, kaga kenan umarnin ba sau ɗaya ake bayarwa ba, kullum ne.

Shuka tana da sinadaran da ke gaya wa sassan jikinta su girma ko su rabu, manyansu su ne oksin da saitokinin, kuma an samu waɗannan da yawa a jikin tsutsotsin, wasu ma su suke haɗa abinsu. Sai dai sinadarin girma kaɗai kumburi mara siffa zai bayar, ba zai bada ƙwallo mai ƙaya ko mai gashi ko mai siffar tasa ba. A 2021 wasu masu bincike a Amurka ƙarƙashin David Stern sun gano wani babban rukunin furotin a yawun wata darɓa mai suna Hormaphis cornu, waɗanda take turawa cikin ganye, har suka nuna cewa canji a gado guda ɗaya na darɓar shi ke sa ƙullutun ya fito ja ko kore. Launin a jikin ganye yake amma mabuɗinsa na jikin ƙwaro.

Abu ɗaya da yake tilas shine naman ya kasance yana kan girma. Tsohon ganye da ya riga ya ƙosa ba ya juyuwa, shi yasa ƙwarin ke auna fitowarsu daidai da lokacin toho.

Me yasa siffarsu ta bambanta haka?

Saboda kowane ƙwaro da nasa zanen. A ganyen ok guda ɗaya zaka iya samun ƙullutu iri uku ko huɗu, wani kamar maɓallin riga, wani kamar ƙwallo ja, wani faffaɗa kamar faifai, ganye ɗaya ruwa ɗaya, bambancin daga mai gidan ne. Wanda ya ƙware yana faɗa maka sunan ƙwaron daga ganin ƙullutun ba sai ya buɗe ba. Na jikin furen wardi na daji kamar tulin gashi ne ja. A Kalifoniya akwai wani ɗan mitsitsi kamar ƙwayar riɗi da ke faɗowa daga ganye ya riƙa tsalle a ƙasa, tsutsar ciki ce ke motsi har ya samu tsaga ya shige.

Zai kashe min bishiya?

Galibi a'a. Wannan ita ce amsar da nafi so mutane su riƙe. Babbar bishiya mai lafiya tana ɗaukar dubban ƙullutu a ganyenta bata ji ba, ganyen zai yi muni, wani ya zube da wuri, shikenan. Inda ake jin jiki shine ƙananan dashe a gandun renon itatuwa, ko in ƙullutun a reshe yake ya zagaye shi ya toshe hanyar ruwa, ko kuma in abin ya kama inda amfanin yake fitowa, wato toho da fure da saiwa.

Kenan akwai masu ɓarna da gaske?

Akwai, kuma in sun tashi ɓarna ba kaɗan suke yi ba. Mafi shahara ita ce filoksera, 'yar uwar darɓa ce daga Arewacin Amurka. A can gida kumburi take sa wa a ganyen inabin daji kuma inabin ya saba da ita, amma da aka kai ta Turai a jikin dashe sai ta koma saiwar inabinsu wanda bai santa ba, saiwar ta kumbura ta ruɓe. An fara ganin gonaki na mutuwa a kudancin Faransa wajen 1863, sai 1868 wani masanin tsirrai, Jules-Émile Planchon, ya tono saiwa ya ga ƙwarin, kafin ƙarshen ƙarnin ta cinye babban kaso na gonakin inabin ƙasar ta tsallaka maƙwabta. An gwada guba an gwada cika gona da ruwa, abin da ya yi aiki a ƙarshe shine aure, a ɗauki saiwar inabin Amurka a ɗaura mata kan inabin Turai, kuma har yau haka ake yi a yawancin duniya.

Sai na shinkafa. A Asiya akwai Orseolia oryzae, a Afirka akwai ɗan uwansa Orseolia oryzivora wanda sai 1982 aka tabbatar iri ne na daban. Uwar ƙudan da dare take yawo, ta saka ƙwai a jikin ganye, tsutsar ta bi danshin ruwa ta gangara har cikin zuciyar shukar, to maimakon sabon ganye sai kaga wani dogon bututu fari-fari ya fito kamar ganyen albasa. Duk reshen da yayi haka ya tashi daga aiki, bazai fidda kai ba. Lokacin da shinkafa ke 'ya'ya tana yaɗo ne yake kama ta, in ta fara ɗaukar ciki ya makara.

Akwai kuma na bishiyar cesnat, wata bishiya da ake cin 'ya'yanta, shi dangin rina ne mai suna Dryocosmus kuriphilus, ɗan asalin Sin, ya shiga Japan a shekarun 1940, Amurka 1974, Italiya 2002. Da na yukaliftus, wadda wasu ke ce wa bishiyar turare, sunansa Leptocybe invasa, da ƙyar ya wuce milimita 1, daga Ostareliya ya fito, an fara lura da shi a Gabas ta Tsakiya wajen 2000 aka raɗa masa suna a 2004, cikin 'yan shekaru ya bazu Afirka da Asiya da Kudancin Amurka yana murɗe ƙananan dashe. Mangwaro ma yana da nasa ƙudan masu sa ƙuraje a ganye.

Ka lura da kyau, filoksera da na cesnat da na yukaliftus duk labarinsu ɗaya, an ɗauke su daga gida an kai su inda babu masu cin su ko inda shukar bata san su ba.

Wane magani zan fesa?

In ka riga ka ga ƙullutun to feshi na sama ɓarnar kuɗi ne, don Allah a ji wannan. Tsutsar na cikin ɗaki a kulle, maganin a bango zai tsaya, kuma ko da ka kashe ta kumburin bazai saɓe ba tunda nama ne ya riga ya girma. Waɗanda feshin zai samu su ne ƙananan ƙwarin da ke yawo a waje suna farautar tsutsar, da ƙudan zuma, sai ka kashe masu taimakonka ka bar mai laifin a ɗaki, baɗi abin ya fi na bana.

Abin da yafi shine in ƙaramar bishiya ce ka yanke rassan da abin ya kama tun ba'a ga huda a jikinsu ba ka ƙona ko ka binne da zurfi, ka share ganyen da ya zuba, ka bata ruwa yadda ya kamata. Kada ka ɗauko dashe mai kumburi daga wani wuri ka kawo gonarka. A shinkafa kuwa manoman yanki su yi shuka da wuri kuma lokaci guda don kada ƙwaron ya riƙa tashi daga gonar wannan ya faɗa ta wancan, a cire gyauro da shinkafar daji da yake fakewa a ciki da rani, kada a zabga takin naitirojin fiye da kima, a nemi iri mai juriya. In har sai an yi magani to lokacinsa shine sanda manyan ƙwarin ke fitowa saka ƙwai, kwanaki ne ƙalilan, kuma wannan sai da shawarar malamin gona da ya san ƙwaron.

Na ga ƙaramar huda a jikin ƙullutun, me take nufi?

Mai gidan ya girma ya fita. Wanda ya bushe yana da huda babu abin da zai ƙara yi wa bishiyar, sau da yawa ma tururuwa ko gizo-gizo ne suka tare a ciki.

Tunda a kulle take, ba abin da ke iya taɓa tsutsar kenan?

Ina! Ai ƙullutu ɗaya gari ne guda. Akwai ƙananan rina masu dogon tsinken saka ƙwai da ke huda bangon su saka nasu ƙwan a jikin tsutsar, ɗansu ya cinye ta. Akwai 'yan cin arziki da basu iya sa ƙullutu ba sai su saka ƙwai a na wani su ci abincin, wani lokaci su matse mai gidan har ya mutu. Akwai masu cin waɗancan masu cin. Shi yasa in ka ajiye ƙullutu a kwalba ka rufe bakin da ƙyalle, abin da zai fito ba lallai shine wanda ya gina ba.

A Arewacin Amurka an daɗe ana nazarin wani ƙuda, Eurosta solidaginis, mai sa ƙwallo a karan wata ciyawa mai furanni ruwan ɗorawa. In ƙwallon yayi ƙarami tsinken rina na kaiwa ga tsutsar, in yayi girma sosai maƙwaƙwafi da wasu tsuntsaye ne ke hango shi su fasa a lokacin sanyi, don haka masu matsakaicin gida su suka fi tsira. Sannan a 2017 an bayyana wata rina, Euderus set, da ke shiga ɗakin wata rinar ok, ta sa mai ɗakin ya haƙa ƙofar da ta yi masa kaɗan kansa ya maƙale ya toshe ta, ita kuma ta cinye shi daga ciki ta fita ta cikin kan.

Waɗannan maƙiyan su ne maganin gaskiya. Da wata ƙaramar rina, Torymus sinensis, da aka ɗauko daga Sin aka shawo kan na cesnat a Japan da Italiya.

Da gaske ne wasu suna da sojoji?

Da gaske. Wani masani ɗan Japan, Shigeyuki Aoki, shi ya fara bayyana darɓa masu sojoji a 1977, 'ya'ya ne da aikinsu tsaro, a wasu irin ma basa haihuwa sam. Akwai wata, Nipponaphis monzeni, in wani abu ya huda bangon gidan sai sojojin su taru a wurin su matso ruwan jikinsu su cakuɗa shi da ƙafafu har ya daskare ya toshe, da yawansu a nan suke mutuwa, daga baya naman shukar ya girma ya rufe tabon. Duk sanda na tuna wannan sai jikina yayi sanyi.

An ce ƙwaro ɗaya na iya yin ƙullutu iri biyu?

Eh, a rinar ok. Misali Biorhiza pallida, da bazara tana sa wani babban ƙwallo mai laushi a reshe, maza da mata su fito su haɗu, matan su sauka ƙasa su saka ƙwai a saiwa. Daga ƙullutun saiwa kuma mata zalla ke fitowa, marasa fiffike, basa buƙatar namiji, su hau bishiyar da ƙafa cikin tsananin sanyi su saka ƙwai a toho. Uwa da 'ya basa kama ko kaɗan, har an daɗe ana basu suna daban-daban, sai da wani likita Bajamushe Hermann Adler ya rene su ya wallafa sakamakonsa a 1881.

Suna da wani amfani ga mutum?

Sosai ma. Shuka na tara sinadarin tanin a ɓawon ƙullutu, abin nan mai bauri irin na bagaruwa, kuma ƙullutun ok na yankin Halab a Siriya da Turkiyya tanin ɗinsa na kaiwa rabin nauyinsa ko fiye. Ana tsinke shi tun ƙwaron bai fita ba don mai huda darajarsa ta faɗi. A daka shi a jiƙa, a zuba gishirin ƙarfe da ƙaro, sai ya zama tawada, tana sauka a takarda fari-fari iska na bugunta tana ƙara baƙi kuma ruwa baya wanke ta. Sama da shekara 1,000 da ita ake rubutu a Turai da ƙasashen Larabawa, da ita aka rubuta shahararriyar takardar yarjejeniyar nan Magna Carta a Ingila a 1215. Aibinta shine in haɗin yayi ƙarfi tana cin takardar a hankali, masu adana tsofaffin littattafai har yanzu suna fama da wannan. Ana kuma jima da rini da shi, a Sin ma akwai wani na darɓa a bishiyar sumak da suke sawa a maganin gargajiya.

Ɓaure kuma ai da irin wannan ƙwaron yake rayuwa. Furanninsa a cikin ɗan suke a rufe, sai wata 'yar rina ta kutsa ta ƙaramar ƙofar da ke gindinsa, fiffikenta na karyewa a hanya, ta saka ƙwai a wasu furannin su zama ƙullutun 'ya'yanta, sauran ta barbara su da garin furen da ta ɗauko su zama iri. Akwai ɓaure sama da iri 750 kuma galibi kowanne da rinarsa.

Har kai su ake yi da gangan. A 1982 an kai wata rina daga Ostareliya zuwa Afirka ta Kudu don ta kama furen wata bishiya, Acacia longifolia, da ta mamaye musu daji, furen ya riƙa zama ƙullutu maimakon iri.

Duk kumburin da na gani a shuka ƙwaro ne ya sa shi?

A'a, kuma nan ake yawan kuskure. In ka tuge gyaɗa ko wake ko waken soya ka ga 'yan ƙwallaye a saiwa, ka murza da yatsa, in sun ɓalle da sauƙi kuma cikinsu ja-ja ne to alheri ne, bakteriya ce mai kamo naitirojin daga iska tana ba shukar. In kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura gaɓa-gaɓa ba ya ɓalluwa, kamar yadda ake gani a tumatir da kuɓewa, wannan tsutsar ƙasa ce da ido baya gani mai suna Meloidogyne, ita cuta ce. Wani ƙaton ƙari mara siffa a gindin dashe daidai ƙasa aikin wata bakteriya ce, Agrobacterium, wadda ke cusa guntun gadonta cikin na shukar. Baƙin kumburin da ke fashewa da gari a zangarniyar masara fangas ne. Wasu 'yan tsiraye kamar ƙusa ko wani laushi kamar karan-miski a bayan ganye kuma wasu halittu ne dangin kaska, sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu. Kauci shi tsiro ne mai zaman kansa da ke shan ruwan bishiya, kumburin da ke inda ya kama ba ruwan ƙwaro. Haka kumburarrun ƙayoyin wasu itatuwan Gabashin Afirka da tururuwa ke zama ciki, bishiyar ce ke yin abinta.

Hanyar rabewa dai ita ce rezar nan. In ka yanka ka samu ɗaki da tsutsa, ko ɗaki wayam da 'yar huda zuwa waje, ƙwaro ne. In nama ne cunkus babu ɗaki, to ka duba cikin waɗancan.